Zauren Tambaya da Amsa: Gidaje masu sauƙin kuɗi, a hannun wa lissafinsu yake?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin da suka fi yawa duk kan maganar muhalli ne, haya da fili da gidajen gwamnati, to sai na tsinto guda huɗu da suka haɗa hanya ɗaya na ce bari mu zauna a kansu sosai.

TAMBAYA: Salam Malam, da fatan kana lafiya ya aiki. Dan Allah na ji a rediyo ana cewa a wasu jihohin Amurka akwai dokar da ta tilasta wa kowane birni ya tattara bayanan gidaje masu sauƙin kuɗi ya fitar kowa ya gani, har mai shirin yana cewa mu ma ya kamata a yi mana irinta. To ni abin da ya ɗaure min kai meye amfanin wannan ga talaka? Takarda ce fa kawai. Ƙanina tela ne a cikin Kano, ciki da falo yake haya, bana mai gidan ya ninka masa kuɗi ba ko gyaran ƙofa, dole ya kwaso matarsa da yara ya dawo da su gida ƙauye shi kuma yana kwana a shago. Ina ce gina gidaje ya kamata gwamnati ta yi ba rubuce-rubuce ba? Daga malamin firamare a ƙaramar hukumar Gezawa.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya kawo wa ƙaninka mafita ya haɗa shi da iyalinsa a inuwa ɗaya. Maganarka akwai gaskiya a ciki, doka ba ta taɓa ɗora bulo kan bulo ba. Amma ni dai ina bayan irin wannan dokar ɗari bisa ɗari, kuma zan faɗa maka dalili.

Bari mu fara da abin da ka ji ɗin. Misalin da aka fi sani shi ne jihar Kalifoniya. Tun 1969 suke da dokar da ta ce kowane birni da kowace gunduma sai ta yi tsarin inda mutanenta za su zauna, masu kuɗi da masu matsakaicin hali da talakawa kowa da kasonsa, sannan duk shekara zuwa 1 ga Afrilu sai birnin ya aika wa hukumar gidaje ta jiha rahoto: gidaje nawa aka ba da izinin ginawa, nawa ne a ciki mai ƙaramin ƙarfi zai iya shiga, nawa ne na masu hali. Rahoton nan ana zuba shi a intanet kowa ya duba. A 2017 suka ƙara wata doka a kai, cewa birnin da lissafinsa ya nuna ya gaza, to an rage masa ikon jan ƙafa in wani ya zo zai gina gidajen da akwai kason talakawa a ciki. Ka ga kenan rahoton ba ado ba ne, akwai abin da ke biyo bayansa. Duk da haka har gobe Kalifoniya tana cikin wurare mafi tsadar gida a Amurka, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne, shi ya sa na ce maka takardar ita kaɗai ba ta isa ba. Abin da ta yi shi ne ta hana shugaban birni ya miƙe ya ce mun yi ƙoƙari alhali alƙaluman da ya sa wa hannu da kansa suna cewa bai yi ba.

To mu dawo gida. Kalmar "mai sauƙin kuɗi" ɗin nan ita ce inda ake cutar mu, domin kowa da abin da yake nufi da ita. Ma'aunin da hukumar gidaje ta Amurka ke amfani da shi, kuma ƙasashe da yawa suka ara, shi ne kada kuɗin gida ya wuce kashi 30 cikin 100 na abin da iyali ke samu. Ɗauki alƙalami mu yi lissafi, mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne, kashi 30 ɗinsa 21,000 a wata, a shekara 252,000 kenan. To duk gidan da hayarsa ta haura haka ba na mai ƙaramin albashi ba ne ko da an rubuta "na talakawa" da jan fenti a bakin get. Balle tela da ɗan acaba da mai tura kura waɗanda samunsu yau akwai gobe babu. Yanzu a wurinmu cinikin gida ya zama kamar cinikin hatsi ba mudu, mai sayarwa ne ke faɗin ya cika kai kuma ba ka da abin gwadawa.

Kuma ba mu talakawa kaɗai muke cikin duhun ba. Shekara da shekaru ana cewa Najeriya na da giɓin gidaje miliyan 17, wani ya ce miliyan 20, wani ya ce 28, har Babatunde Fashola lokacin yana ministan ayyuka da gidaje ya fito fili ya ce shi bai yarda da miliyan 17 ɗin ba tunda ba wanda ya nuna inda aka samo ta. Ƙidayar ƙarshe da aka yi ta mutane da gidaje a 2006 ce, lokacin aka ce Kano tana da mutum miliyan 9.4 Jigawa kuma miliyan 4.3 da ɗoriya, wadda aka shirya yi a 2023 aka ɗage ta. Yaron da aka haifa shekarar ƙidayar 2006 ɗin yau ya isa aure yana neman ɗakin kansa, kuma da wancan tsohon lissafin ake tsara masa rayuwa.

Ka duba Kano. Akwai tsoffin rukunin gidaje irin su Kundila, sannan a mulkin Kwankwaso na biyu, 2011 zuwa 2015, aka gina Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo. Ba siyasa nake ba, ko wace gwamnati ce ta gina tambayar ɗaya ce: gida nawa ne, nawa aka sayar da kowane, su wa suka samu, nawa ne akwai mutane a ciki nawa ne a kulle? Mutumin Gezawa ko Minjibir ko Ɓagwai da kuɗin jiharsa aka yi aikin, ya kamata a ce amsar nan tana manne a allon sanarwa na sakatariyar ƙaramar hukumarsa, ba sai ya san wani a ma'aikata ba. Yadda abin yake tafiya yanzu, sau da yawa labarin fom yana isowa ƙauye ne bayan an rufe karɓa.

Shi kuma ƙaninka, je ka ga yadda ake neman haya. Dillalai na zaune kan benci a gindin bishiya, kafin a tashi a nuna maka gida sai ka ba da na mai, a zaga da kai gida uku biyu daga ciki an riga an kama, na ukun banɗaki ɗaya ne na haya shida, in ka ce ya yi tsada a ce maka haka unguwar take, kai kuma ba ka da ta cewa domin ba ka san abin da maƙwabci ke biya ba, ga la'ada a sama. Ban ce dillanci haramun ba ne, sana'a ce kuma akwai masu amana a cikinta, amma duk ilimin kasuwar yana aljihunsu. Da a ce duk shekara ana fitar da matsakaicin kuɗin hayar ɗaki ɗaya da ciki da falo unguwa-unguwa, Kurna kaza, Rijiyar Lemo kaza, Hotoro kaza, a karanta a rediyo da Hausa, da ƙaninka ya shiga ciniki da abin riƙewa a hannu, kuma da majalisa ta ga inda wutar take ci. Legas tun 2011 ta yi dokar haya da ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya a yawancin unguwanninta, amma aiwatar da ita ya yi wuya, kuma ni a ganina ɗaya daga cikin dalilan shi ne ba wanda ke riƙe da rajistar wa ke karɓar nawa.

Saboda haka a gina, eh, amma a ƙirga a gaban jama'a, kuma dokar ta zo da hukunci ga shugaban da ya ƙi kawo rahoto. In ba hukunci to na yarda da kai, takarda ce kawai.

TAMBAYA: Yaro, jikana ne ya rubuta min wannan. Mu dai mun ga jiya mun ga yau. Duk ranar da hukuma ta zo ƙirga gidaje to haraji ne ke tafe a baya, haka muka taso muka gani. Yanzu kuna ta kiran a tattara bayani a tattara bayani, ba kwa tsoron ku jawo mana abin da Allah ya raba mu da shi? Daga wani dattijo manomi a ƙasar Ringim.

AMSA: Baba ina gaisuwa, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Tsoronku ba daga sama ya faɗo ba. Zamanin En'e mai unguwa da dagaci su ke bi gida-gida suna rubuta duk namijin da ya isa biya, Fulani kuma a ƙirga musu shanu saboda jangali, wanda ya kasa biya ya sha wulaƙanci wani ma ya bar garin. Sai da marigayi Abubakar Rimi ya hau gwamnan tsohuwar jihar Kano a 1979 ya soke haraji da jangali, lokacin Ringim ɗinku tana cikin Kano tunda Jigawa sai 1991 aka yi ta. Wanda ya ga wannan da idonsa dole ya yi ɗar-ɗar da mai littafi da biro.

Kuma ba zan ɓoye muku ba Baba, kundin tsarin mulki na 1999 a jadawali na huɗu ya ba ƙananan hukumomi aikin sa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba, ya kuma ba su aikin kimanta gidajen mutane domin karɓar kuɗin da majalisar jiha ta ƙayyade. Wato ikon karɓa suna da shi tun tuni, ba sabuwar doka suke jira ba. Abin da muke nema ya juya ne ta ɗaya ɓangaren, hukuma ce za ta buɗe nata littafin: filin gwamnati nawa ne a garin, nawa aka yanka, wa aka ba, gida nawa aka gina da kuɗin jama'a. Na talakawa kuma jimla kawai za a fitar, a ce mazaɓa kaza gidan ƙasa kaza ne na bulo kaza, masu haya kaza, ba sunan Malam wane da yawan ɗakunansa ba. Akwai dokar kare bayanan mutane ta 2023 da ta hana a ɗauki bayanin mutum domin abu ɗaya a je a yi wani abin daban da shi ba bisa ƙa'ida ba, kuma duk ɗan majalisar da zai kawo irin wannan ƙudiri ya kamata ya rubuta ɓaro-ɓaro a ciki cewa ba za a miƙa rajistar ga masu karɓar haraji ba. Wuri ɗaya ne nake ganin dole a faɗi suna: wanda aka ba gidan gwamnati ko fulotin gwamnati. Wanda ya karɓi dukiyar jama'a ba shi da hujjar ɓuya.

Ku manoma ma kun fi kowa buƙatar wannan. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, a karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar mallaka ta gargajiya, kuma gwamna ne ke da ikon ayyana wani yanki ya zama birni. Mutanen Kumbotso da Ungogo da Dawakin Kudu sun san me wannan ke nufi. Ana gama girbi karan dawa ma bai gama bushewa ba sai ka ga mutane da igiya da turaku a gonar maƙwabcinka, awon igiya kenan, a yanka fuloti a bar lungun da ko adaidaita ba za ta shiga ba, ba magudanar ruwa ba filin makaranta ba maƙabarta, bayan shekara kaɗan damina ta zo ruwa ya rasa hanya ya shiga ɗakunan mutane. Da taswirar inda gari zai nufa tana manne a ƙofar hakimi, da manomi ya san darajar gonarsa kafin mai jakar kuɗi ya zo ya saye ta a farashin gona ya sayar a farashin fuloti.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni ma'aikaciyar lafiya ce, duk wata ina ganin an cire min wani kuɗi a takardar albashi an rubuta NHF, na tambaya an ce na gidaje ne. Shekaru ana cira ban ga gida ba ban ga bashi ba, kuma ni gidan gado muke zaune a ƙauye da maigidana. Kuɗin nan ya tafi kenan? Daga 'yar uwarku a ƙasar Birnin Kudu.

AMSA: Lafiya lau 'yar uwa, sannu da ƙoƙari. Kuɗinki bai tafi ba. Asusun gidaje na ƙasa ne da aka kafa da doka a 1992, ana cire kashi 2.5 cikin 100 na albashi, bankin bayar da lamunin gidaje na tarayya wato FMBN ke riƙe da shi. Wanda ya yi wata shida yana zubi yana da damar neman bashin gina gida ko saye da ruwan kashi 6 cikin 100, a biya har tsawon shekara 30, akwai kuma bashin gyaran gida. In ba ki ci bashin ba, idan kika yi ritaya ko kika kai shekara 60 kina da haƙƙin a dawo miki da abin da kika tara. Abin da za ki fara yi shi ne ki je wurin mai kula da albashinku ki karɓi lambar rajistarki ta asusun, sannan ki je ofishin bankin na jiha ki nemi a buga miki bayanin zubinki, ki gwada da takardun albashinki ki ga ko duk abin da aka cira ya isa can. Ki adana takardun nan da kyau kar ki bari su ɓata.

Inda gizo ke saƙar shi ne bashin gini yana son takardar mallaka da banki zai riƙe jingina, gidan gado na ƙauye kuma yawanci shaidarsa dagaci ne da dattawan unguwa, to sai ki ga ma'aikacin karkara yana zubi na birni yana cin bashin. Wasu kuma maganar ruwan ce ke hana su saboda addini, wannan ki tambayi malamai ki kuma tambayi bankin ko suna da tsarin da ba ruwa a ciki. Wannan ma yana cikin abin da ya kamata a riƙa fitarwa duk shekara, ma'aikata nawa ne suka yi zubi a kowace ƙaramar hukuma cikin 27 na Jigawa da 44 na Kano, kuma nawa ne a cikinsu suka samu bashin.

TAMBAYA: Yaya barka da aiki. Mu fa namu ba tsadar haya ba ce, ruwa ne. Ambaliyar 2022 ta cinye mana gida, an zo an rubuta sunaye an tafi, wasu sun samu kwano da siminti wasu ba su samu ba kuma ba wanda ya san da me aka zaɓa. Kafin a yi wannan dokar da kuke magana, akwai hanyar da ni ɗan ƙauye zan bi in tambayi hukuma ta ba ni amsa? Daga wani matashi a yankin Auyo.

AMSA: Ƙanina sannunku da jarrabawa, Allah ya mayar da alheri. A 2022 ɗin Auyo da Kafin Hausa da Miga da Haɗejia da Ringim duk sun ji jiki, kuma gidan ƙasa in ruwa ya kwana a gindinsa zama yake yi gaba ɗaya, azara da rufi su rufto kan kayan ɗaki. Shi ya sa nake cewa in za a kawo irin wannan dokar nan gida kada a tsaya kan Kano da Dutse, domin a karkara gida mai sauƙin kuɗi shi ne wanda mutum ya gina da hannunsa, kuma abin da ya kamata a ƙirga shi ne nawa ne ke kan hanyar ruwa, nawa suka rushe bana, nawa aka sake ginawa kuma a ina, a tudu ko a kwarin da ya cinye na farko.

Hanya kuwa akwai. Dokar 'yancin samun bayanai ce, wadda Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Mayun 2011. An daɗe ana jayayya ko ta hau kan jihohi, sai a Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ta hau kansu. Dokar ta ce ba sai ka faɗi dalilin da ya sa kake son bayanin ba, kuma wanda bai iya rubutu ba wani zai iya rubuta masa. Hukumar da ka rubuta wa tana da kwana 7 ta ba ka amsa, za ta iya ƙara wasu 7 in bayanin na da yawa, in ta hana ka dole ta rubuta maka dalili, kuma in kotu ta samu an hana ka ba bisa ƙa'ida ba akwai tarar naira 500,000.

Ga yadda za ku yi, kuma ku yi a ƙungiyance ya fi nauyi, ƙungiyar matasan gari ko ta manoma, ku sanar da mai unguwa da dagaci tun farko domin kada a ɗauka rashin kunya ce ko siyasa. Ku rubuta wasiƙa gajeriya zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma, wata kuma zuwa hukumar agajin gaggawa ta jiha. Kada ku rubuta "muna son bayani kan ambaliya", za a ba ku amsa mai faɗi da ba komai a ciki. Ku ce muna neman kwafin jerin gidajen da aka rubuta sun rushe a mazaɓa kaza a 2022, da adadin bandir ɗin kwano da buhunan simintin da aka ware wa mazaɓar, da ƙa'idar da aka bi wajen rabo. Ku yi kwafi biyu, a buga muku hatimi da kwanan wata a kan naku a wurin mai karɓar wasiƙu, ku ɗauki hotonsa a waya. Ku kai wa ɗan majalisar jiharku kwafi ɗaya ku tambaye shi ko zai kai ƙudirin da zai sa a riƙa manna irin wannan bayanin duk shekara ba sai an roƙa ba, tunda tun hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 kan cin gashin kan ƙananan hukumomi maganar ina kuɗinsu ke tafiya ta ƙara zama abin tambaya. In wa'adin ya cika shiru, doka ta ɗauki shirun a matsayin an hana ku, kuma kuna da kwana 30 ku shigar da ƙara a babbar kotu, akwai lauyoyi da ƙungiyoyin farar hula a Kano da Dutse da ke taimakawa kan irin wannan. Duk amsar da kuka samu ku turo mana kwafinta, za mu buga ta a wannan shafin.